Yadda Ake Shirya Farmaki A Yaƙin Ramuka, Da Abin Da Ya Sami Samarin Da Suka Tashi Daga Basam

Wanda ya tsaya a tashar Basam da ke Treichville, a birnin Abijan, ya ga motoci suna lodi, 'yan kamasho suna kiran fasinja, 'yan'uwanmu na Tawa da Maraɗi da Kano suna ta sha'aninsu na goro da tsire da garba, da wuya ya kawo a ransa cewa garin da motocin nan suka dosa, wanda nisansa bai wuce kilomita 40 ba, shi ne ƙofar da samarin ƙasar Kwaddibuwa suka bi zuwa yaƙin da duniya ba ta taɓa ganin irinsa ba kafin zamaninsu. A shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya, watau daga 1914 zuwa 1918, Abijan ba ta zama birni ba tukuna, gwamna yana zaune a Bingerville, mashigin Vridi kuwa ba a buɗe shi ba sai 1950. Saboda haka manyan jiragen ruwa a bakin Basam suke tsayawa, can nesa da gaɓa, ana kai musu kaya da mutane cikin kwale-kwale daga ƙarshen gadar ƙarfe da aka miƙa cikin teku. Faransawa sun aza wa kowane sarki da hakimi adadin samarin da zai kawo, wasu suka zo da kansu, wasu aka kawo su a ɗaure, wasu kuma, kamar mutanen Sanwi, suka tsallaka iyaka suka fake a ƙasar Gwalkwas.

Kimanin mutum 170,000 aka ɗiba daga yankin Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, wajen 30,000 daga cikinsu ba su komo ba. An haɗa su duka an kira su sojan Senegal, alhali kuwa a cikinsu akwai Bambara da Mosi da Jula da Bawule da Zabarmawa da Hausawa. Galibinsu dakaru ne, masu yaƙi a ƙasa, kuma a kan dakaru nauyin yaƙin nan ya sauka. Wanda duk yake son ya fahimci abin da ya same su, la budda ne ya fara sanin yadda manyan hafsoshi suke zama su tsara farmaki, domin kuwa tun kafin a busa usur ana gama rubuta yawancin abin da zai auku ga mai ɗauke da bindiga.

Haƙa rami don tare abokan gaba ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ɗalibin da ya karanta tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya san shawarar da Salmanul Farisi ya bayar a shekara ta 5 bayan Hijira, aka haƙa handaƙi aka tsare Madina daga rundunar Ahzabu. Biranen ƙasar Hausa kuma, daga Kano har Zazzau, ba su dogara ga ganuwa kaɗai ba, sai da suka zagaye ta da gwalalo. Abin da ya sāke a Turai shi ne makami. Bindiga mai ruwa tana zubar da harsashi wajen 500 a minti guda, igwa ta zamani tana jifa daga inda ido ba ya kaiwa, ga kuma waya mai ƙaya wadda ke riƙe mutum a fili har a harbe shi. Da rundunonin biyu suka gwada juna a ƙarshen 1914, kowace ta rasa yadda za ta zagaye 'yar'uwarta, sai duka suka nutse cikin ƙasa, ramukan suka miƙe tun daga bakin teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan, tafiyar kilomita 700. Ba rami guda ake haƙawa ba: akwai na gaba, da na tsakiya inda mataimaka ke jira, da na baya, ana haɗa su da wasu ƙananan ramuka na kai da kawowa, ana kuma lanƙwasa kowanne bayan taku kaɗan don kada wanda ya faɗo ciki ya share shi da harbi ɗaya. A ƙarƙashinsu akwai ɗakuna masu zurfi inda ake ɓuya idan igwa ta yi tsanani. Tsakanin ramin wannan da na wancan akwai fili wanda ba na kowa ba, wani wuri mita 300, wani wuri bai kai 50 ba, kuma ƙetare wannan ɗan fili shi ne mas'alar da ta gagari hukumomin Turai shekara uku.

Shirin babban farmaki yakan ci watanni. Da fari a zaɓi wurin, sa'an nan a nemi labarinsa: jiragen sama su ɗauko hotuna, a tura 'yan tsirarun mutane da dare su kamo fursuna a yi masa tambayoyi, a zana taswira wadda ta nuna kowane rami da kowace maɓoyar bindiga. Daga nan sai aikin da babu mai yi masa kirari, amma shi ne gindin al'amarin, watau shimfiɗa ƙananan hanyoyin jirgin ƙasa, da gyaran turba, da tara harsasai da ruwan sha da abincin dawaki, da kafa asibitoci gwargwadon yawan masu rauni da ake tsammani, domin har wannan ma akwai wanda aka wakilta ya ƙiyasta shi tun mutanen suna da lafiyarsu.

Hisabin igwa ya fi kowanne wuya. Ana so ta yi aiki uku: ta tsinka wayar, ta rushe ramukan, ta kuma rufe bakin igogin abokan gaba. To, a nan ne mai shiri yake shiga tsaka mai wuya, don in ya tsawaita ruwan wuta kwana da kwanaki ya sanar da maƙiyi inda za a zo, ya ba shi sararin kawo gudummawa. In kuwa ya taƙaita, sai dakaru su tarar da waya tana nan yadda take. Turawan Ingila sun ɗauki hanya ta farko a bakin kogin Somme, suka yi kwana bakwai suna jifa, suka zubar da harsashin igwa wajen miliyan ɗaya da rabi, da yawa daga ciki bai ma fashe ba. Ran 1 ga Yuli 1916 da ƙarfe 7:30 na safe aka ɗauke wutar, Jamusawa suka fito daga ɗakunansu na ƙarƙashin ƙasa suka kafa bindigogi, kafin faɗuwar rana an kashe ko an raunata Ingilishi 57,470, waɗanda suka mutu a ciki 19,240.

Maganin da aka samo shi ne wuta mai tafiya. Maimakon a ɗauke igwa gaba ɗaya, sai a sa harsasanta su riƙa sauka a jere a gaban dakaru, suna matsawa sannu a hankali bisa ƙa'idar agogo, su kuma dakarun suna biye da su kurkusa, yadda maƙiyi ba zai sami zarafin ɗago kai ba sai ya ga mutum a bakin raminsa. Ana jera mayaƙan sahu-sahu: na farko su wuce ba tsayawa, na bayansu su bi ramukan da gurneti da banati suna tsabtace su daga waɗanda suka ɓuya, na uku su zo da shebur da buhunan yashi su juya fuskar ramin don jiran martani. Kowane hafsa yakan daidaita agogonsa da na babban ofis a daren farmaki. Dabara ce mai kyau a takarda, amma tana da aibi guda wanda duk mai shiga mota a tashar Basam zai gane shi nan take: direba a tasha ba ya tashi sai mota ta cika, in fasinja ya tsaya sayen ruwa karen mota ya buga ƙofa a jira shi, ita kuwa wutar nan tana tashi a kan lokacinta, ko mutanenta suna biye ko sun maƙale a taɓo, kuma babu mai buga mata ƙofa.

Dalili kuwa shi ne, a wancan zamani ba a sami na'urar magana wadda soja zai rataya ya tafi da ita ba. Wayar tarho da ake ja a ƙasa igwa takan tsinka ta cikin sa'ar farko; saura ɗan aike mai gudu da ƙafa, wanda sau da yawa ba ya isa, da tattabara, da wutar alama da ake harbawa sama wadda hayaƙi ke rufewa. Labari yakan yi sa'o'i kafin ya kai ga janar, ya kuma yi wasu sa'o'in kafin amsa ta komo, lokacin nan kuwa halin da aka ba da labarinsa ya riga ya sauya. Haƙiƙanin magana, ikon babban kwamanda yana ƙarewa ne a daidai lokacin da farmaki ya fara. Wannan ne ya tilasta masa rubuta kome tun da wuri, wannan ne kuma ya sa kuskuren da ya shiga takardar ba ya gyaruwa sai da rayukan mutane.

Kakanninmu na ɓangaren Ingilishi sun ɗanɗani wannan darasi tun kafin mutanen Turai su gama koyonsa, ba kuwa a nesa ba. A ƙarshen Agusta 1914 wata runduna ta sojan Nijeriya, wadda Hausawa suka yi yawa a cikinta, ta tashi daga Yola ta faɗa wa Garwa a bakin Binuwai, inda Jamusawan Kamaru suka yi ramuka da ƙananan garu. An ci wani sashe da dare, da gari ya waye bindigogi masu ruwa suka buɗe, aka kashe shugaban rundunar, Laftanar Kanar Maclear, sauran suka janye. Da aka komo a 1915 ƙarƙashin Kanar Cunliffe, tare da Faransawa, sai aka canza tadbiri: aka jawo manyan igogi, aka riƙa haƙa rami cikin dare ana matsawa kaɗan-kaɗan, da rana a kwanta, har wutar ta ishi sojan da ke ciki suka ƙi umarnin hafsoshinsu, Garwa ta miƙa wuya ran 10 ga Yuni ba tare da an sake tura mutane cikin fili ba. Ƙaramin yaƙi ne in an gwada shi da na Turai, amma mas'alar guda ce.

Yanzu sai mu koma ga mutanen Basam da 'yan'uwansu. A watan Disamba 1916 aka ɗora Janar Robert Nivelle a kan rundunar Faransa duka. Mutum ne masanin igwa, mai fasahar harshe, kuma yana da hujja a hannunsa, domin ran 24 ga Oktoba na shekarar, shi da Janar Charles Mangin sun ƙwato ganuwar Douaumont a Verdun da wutar nan mai tafiya, akwai kuma sojan baƙar fata cikin waɗanda suka shiga. Sai ya ce abin da ya ci a can zai ci a ko'ina, ya yi wa hukuma alkawarin zai fasa sahun Jamus cikin sa'a 24 zuwa 48, in kuwa bai fasa ba zai tsaya. Malaman usulu suna da suna ga irin wannan hujja, suna ce da ita ƙiyasi tare da bambanci, kuma ba sa karɓarta: a Douaumont an tara igogi a kan 'yan kilomitoci, aka nufi wuri guda sananne, a sabon shirin kuwa faɗin fagen ya kai kilomita 40, ana kuma so a huda sahu bayan sahu a rana ɗaya.

Wurin da ya zaɓa shi ne Chemin des Dames, wani dogon tudu tsakanin kogin Aisne da na Ailette, Jamusawa a bisa, Faransawa a ƙasa. Cikin tudun cike yake da kogwanni, inda mutanen dā suka sassaƙi dutsen gini, wasu suna ɗaukar bataliya guda, kuma igwa ba ta iya yi musu kome. Tun kafin ranar farmakin, alamu suka yi ta zuwa. A watan Maris 1917 Jamusawa suka ja da baya a wani sashe na fagen suka koma sabon sahu mai ƙarfi, abin da ya rage musu tsawon wurin tsaro ya ba su rarar mayaƙa. A farkon Afrilu suka kama wani sajen Faransa da takardun shirin a jikinsa. Sun kuma sauya hanyar tsaronsu, suna barin mutane kaɗan a ramin gaba, ƙarfinsu yana baya, inda mai duban igwa ba ya hange. Ministan yaƙi, Painlevé, ya yi shakka, manyan janarori ma haka. Aka yi zaman shawara a Compiègne ran 6 ga Afrilu a gaban shugaban ƙasa, Nivelle ya ce in ba a amince da shi ba zai ajiye aiki, sai kowa ya shiga ba shi haƙuri. Shawarar da aka taru don auna shirin ta ƙare a lallashin mai shirin.

Mangin, wanda aka ba runduna ta shida, shi ne ya wallafa littafi a 1910 yana kiran Faransa ta cike gurbin ƙarancin 'ya'yanta da sojan Afirka, yana da'awar cewa baƙar fata an halicce shi don karo na farko, jikinsa ba ya jin zafi yadda na Bature yake ji. Wannan zato ne, amma ya shiga shirin a matsayin yaƙini, aka sa bataliyoyin Afirka a sahun gaba a wurare mafi tsauri, wajen gonar Hurtebise da ƙauyen Ailles. Al'adar rundunar ita ce, in sanyi ya shigo a kwashe su a kai su sansanonin kudu, a Fréjus da Saint-Raphaël, sai bazara ta tabbata a komo da su. A wannan shekarar aka fito da su da wuri don su cika lissafi, suka yi kwanaki suna jira cikin ruwa da laka, har sanyi ya lalata ƙafafun da yawa daga cikinsu tun ba su ga Bajamushe ba.

Ran 16 ga Afrilu 1917, da ƙarfe 6 na safe, bayan igogi fiye da 5,000 sun yi kwanaki suna jifa, aka fita. Ana ruwa gauraye da ƙanƙara. An tsara wutar ta riƙa cin mita 100 a kowane minti uku, gudun da mai lafiya zai iya a kan turba, ba mai kumburarriyar ƙafa da ke hawan tudu cikin taɓo da kaya a bayansa ba. Duk da haka mutanen sun hau, a wasu wurare sun ci ramin farko da na biyu. Amma wutar ta wuce ta bar su, bindigogin da ba a rushe ba suka buɗe daga gaba, waɗanda ke cikin kogwanni suka fito ta bayansu. Yatsun wasu sun ƙage har ba su iya ɗura harsashi. Hafsoshin da suka san harshensu, waɗanda su ne kaɗai suka san taswira da agogo, suna cikin na farkon faɗuwa, kuma da hafsa ya faɗi shirin ya faɗi tare da shi, don ba a ga wajibcin sanar da ƙaramin soja inda aka nufa ba. (Mako guda kafin wannan, a tudun Vimy, mutanen Kanada sun raba taswirori dubbai har ga ƙananan shugabanni, sun kuma maimaita farmakin sau da yawa a filin da aka shata kamar na gaske, suka ci tudun.) An yi nufin a kwana kusa da birnin Laon, da dare ya yi, a mafi yawan fagen ba a wuce 'yan ɗaruruwan mitoci ba. Tankokin yaƙi na farko da Faransa ta fitar, a wajen Berry-au-Bac, da yawa sun ƙone a ranar.

Daga cikin 'yan Afirka wajen 16,000 da aka tura, kusan rabi an kashe su, ko an raunata su, ko sun ɓace a kwanakin nan. Rundunar Faransa gaba ɗaya ta yi asarar fiye da mutum 130,000 cikin kwana goma, matattu wajen 30,000. Asibitocin an shirya su ne bisa lissafin nasara, saboda haka masu rauni suka ninka abin da aka tanada, wasu suka kwana a fili cikin ruwa. Sa'a 48 ta cika ta wuce, Nivelle bai tsaya ba. Aka sauke Mangin, wanda sojoji suka laƙaba wa sunan mahauci. Ran 15 ga Mayu aka sauke Nivelle aka naɗa Janar Pétain. Cikin makonnin da suka biyo baya ƙungiyoyi masu yawa na sojan Faransa suka ce za su tsare ramukansu amma ba za su sake fita farmaki ba.

Ran 29 ga Yuni, a zaman asiri na majalisar dokoki, Blaise Diagne, wakilin Senegal, ya tashi ya tuhumi Mangin da jefa mutanen da sanyi ya riga ya naƙasa cikin halaka. Masana tarihi sun yi saɓani a kan ko da gangan aka sayi jinin Faransawa da na baƙaƙe: Marc Michel ya ce in an duba yaƙin duka, asararsu ba ta fi ta dakarun Faransa ba, Joe Lunn kuwa ya ce in an lura da cewa ba sa fage a lokacin sanyi, kuma a karo ake sa su, to kasadar kowannensu a ranar farmaki ta fi yawa nesa. Ni dai hujja ta biyu ta fi rinjaye a wurina game da Afrilun 1917, domin wanda ya san ƙa'idar sansanin kudu, ya kuma keta ta don sahu ya cika, ba zai fake da rashin sani ba.

Pétain ya koma ga tudun a watan Oktoba da shiri na daban. Ya taƙaita fagen zuwa kilomita goma sha wani abu a wajen La Malmaison, ya tara igogi fiye da kima, ya kuma iyakance wa dakaru inda za su tsaya, wurin da igwa take iya kāre su. Ran 23 ga wata aka ci wurin, a farkon Nuwamba Jamusawa suka sauka daga tudun duka. A Janairu 1918 shugaban gwamnatin Faransa, Clemenceau, ya naɗa Diagne ɗin nan shugaban ɗibar sababbin soja, ya zo Afirka ta Yamma da alkawarin sassaucin haraji da daraja ga wanda ya shiga, ya tara mutum wajen 63,000. Ana cikin tattara su, ran 27 ga Mayu 1918, Jamusawa suka faɗa wa Chemin des Dames bayan ruwan igwa na ƙasa da sa'a uku, wanda suka shirya a asirce suna tafiya da dare kawai. Janar Duchêne ya cusa mutanensa a ramukan gaba saɓanin umarnin Pétain, tudun ya tafi kafin azahar, cikin kwana uku Jamusawa suka isa kogin Marne, aka kuma sake kiran bataliyoyin Afirka cikin waɗanda suka tsare birnin Reims.